Azarorin da Aka Yanke a Cocin Orisluoma

Litinin, 6 ga Oktoba, 1947

Yau shekara uku da kwana goma sha shida rabona da gida. Fita ta biyu nake nufi. Ta farko ba na ƙirga ta, tunda mun koma.

Fasto Rautakoski ya aiko a kira ni, wai ƙofar coci ta kudu ta ƙi rufuwa, in zo in ɗan fere ta. Kafintoci uku ne a Orisluoma, amma aikin fere ƙofa sai ɗan gudun hijira. Na duba, na ce masa ƙofa ba ta da laifi, bangon ne ya tafi ya bar ta. Ya yi dariya. A garin nan duk abin da mutumin Karelia, yankinmu da Rasha ta ƙwace, ya faɗa surutu ne.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na koma da igiya da dalma na auna bango, ba wanda ya sa ni. Ruwa ba ya tsami banza.

Gaskiya dai, gini ne. Ba na son faɗa, amma gini ne. Gungume kan gungume, sara na gatari, tun 1660 da wani abu. Ginshiƙai shida, uku kudu uku arewa, kowanne kamar dogon akwati da aka gina da gajerun gungume, kawunan itatuwan bango suna shiga cikinsa. Dabarar ita ce, kowane ginshiƙi da ɗan'uwansa na ɗaya gefen a ɗaure su da azara guda, ta ratsa coci a saman kawunan mutane. Rufi yana tura bango waje, azara tana riƙe shi. Uku ya kamata su zama. Ɗaya na gani, ta wajen bagadi.

Bangon kudu ya karkata yatsa huɗu. Na buga ƙusa, na yi alama.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Kowane gida da bencinsa, da alamar gidan a jikin ƙofar benci. Manyan gidaje suna bene. Mu kuwa can baya, ƙarƙashin benen, inda ƙurar takalmansu ke zubo mana a wuya. Saimi, 'yata, ta ce in daina ɗaga kai ina kallon rufi, mutane sun fara cewa uban nata ya taɓu.

Talata, 21 ga Oktoba

Na hau tsani. A kan ginshiƙan tsakiya da na yamma akwai alluna huɗu masu zanen mala'iku. Na ɓamɓare ɗaya.

Gutsuren azara ne a baya. Yankan zarto, sumul. Ba ruɓewa ba ce, ba wuta ba. Wani ne ya hau da zarto da hankalinsa.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Inna Fiina mai share coci, shekararta ta wuce tamanin. Na tambaye ta. Ta dubi ƙofa tukuna.

"Kai baƙo, ba ka tsoro? To, ina budurwa aka gina benen nan. Kakan Iisakki Ala-Luhta ya ba da katako, shi ya samu benci na gaba. Ranar farko ya zauna, sai ga azara ta tare masa fuskar fasto a kan mumbari. Ya ce shi bai gina bene don ya kalli ice ba. Washegari ya zo da barorinsa. Biyu suka yanke, don ta tsakiyar ma tana tare wa matarsa."

Na ce, ba wanda ya hana?

"Hana wa? Aka ma yaba masa, wai coci ya yi haske."

Shekara hamsin da takwas rufin nan yana tsaye da kirkin itacen kaɗai.

Iisakki shi ne shugaban dattawan coci. Kuma daga gonarsa gwamnati ta yanko filin da aka ba ni. Da ni aka yi wa haka, ni ma ba zan gaishe da mutumin ba. Na sani. Sanin bai rage komai ba.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Zaman dattawa. Na tsaya, ba a ce in zauna ba. Na faɗi abin da na gani: in dusar ƙanƙara ta yi nauyi bana, bango zai buɗe. Azara biyu ake so, busassu, kamu ashirin kowacce.

Iisakki ya ce, "Shekara ɗari uku cocin nan yana tsaye kafin ka iso da ƙunshinka, ɗan Rasha. Naku da kuka iya gyarawa, yana ina?"

Wani ya yi dariya. Fasto ya dubi takardunsa.

Na ce, "Maigida, namu mutane suka ƙwace. Naku kakanku ne ya yanke."

Da na yi shiru da ya fi. Yanzu ko bangon ya faɗo masa a ka zai ce iska ce.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Ya taɓa inda ke ciwo, shi ya sa. A 1943 da muka koma gida, ni na sake wa cocinmu rufi. Ƙananan alluna dubu goma sha ɗaya, kowanne da gatarina, kowanne na shafa masa kwalta. Hilja, matata, tana kawo mini abinci ƙarƙashin tsani. Wata goma sha huɗu aka yi sujada a ƙarƙashinsa. An ce yanzu dawaki ake ɗaurewa a ciki. Hilja kuma tana maƙabartar wani gari da ko sunansa ba na son rubutawa.

Na gyara coci ɗaya a banza. Ya isa mutum ɗaya.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Yatsa biyar.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Fasto ya rubuta wa ofishin bishop a ɓoye. Amsa ta zo: injiniya zai zo tsakiyar Disamba. In ya ga haɗari, a kulle, da bazara a rushe. Sandar ƙarfe babu a ƙasar nan, duk tana tafiya gabas, biyan diyyar yaƙi ga Rasha. Busasshen ice mai wannan tsawo ma babu. Fasto ya tambaya har garuruwa uku.

Na ɗauki hulata na tafi gida.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Saimi ta ajiye mini kofin hatsin nan da suke kira kofi, ta tsaya a kaina.

"Baba, gungumenka arba'in suna fili. Biyu dogaye ne, na auna da ƙafa."

Na ce su ne gindin gidanmu. Ba su, ba gida bana, ba gida baɗi. Shekara biyu suna bushewa. Ko tana so ta ƙara wani sanyin a ɗakin nan na bayan gidan wankan mutane?

"Shekara biyu suna bushewa don ka ƙi ginawa ne, Baba. Kana jira a ce mu koma."

Bakin uwarta ta ɗauko. Na fita.

Don me zan ba mutanen da ke ce mini ɗan Rasha? A ba ni dalili ɗaya.

Laraba, 26 ga Nuwamba

Kwana huɗu dusar ƙanƙara tana zuba ba tsayawa. Mai ruwa-ruwa, mai nauyi. Yatsa bakwai. Na roƙi fasto kada a yi sujada ranar Lahadi. Ya ce Lahadin farko ta jiran Kirsimeti ce, gari duka zai zo, in ya kulle dattawa za su cinye shi ɗanye.

Lahadi, 30 ga Nuwamba



Coci cike, bene cike. Ana tsakiyar waƙa aka ji kamar an harba bindiga. Ginshiƙin yamma na kudu ya tsage daga sama. Ƙura ta zubo, bene ya sunkuya gefe ɗaya kamar saniyar da za ta kwanta. Na yi ihu, na bene su sauko ɗaya-ɗaya, ta gefen arewa, kada a gudu. Ban san muryata tana da wannan ƙarfi ba. Sun bi. Ba wanda ya mutu. Wata mata ta karye a hannu.

Iisakki ne ya sauko ƙarshe. Sai da ya tabbatar ba kowa. Wannan ma a rubuta.

Litinin, 1 ga Disamba

Da safe na same shi a kan rufi, da igiya a ƙugu, yana kwashe ƙanƙara da shebur. Mutum mai shekara sittin da takwas. Na ce ya sauko, ana fara kwasa daga gefe biyu tare ne, in ba haka ba nauyi zai koma gefe ɗaya. Ya dube ni. Ya sauko.

Bai ce yi haƙuri ba. Mutanen nan gara su haɗiye gatari. Cewa ya yi, "Dajina yana nan. Zaɓi duk itacen da kake so."

Na ce ɗanye ne, Maigida. Zai ja, zai murɗe, shekara biyu ya saki bango.

Ya tsaya yana kallon ƙasa. "To shi ke nan, mun rasa shi."

Irin fuskar nan na san ta. Na gan ta a kan hanya, a jikin mutanen da ke waiwayen hasumiyar garinsu daga kan keken doki.

Talata, 2 ga Disamba

Ban je ko'ina ba.

Laraba, 3 ga Disamba

Na ce su kawo dawaki huɗu filina, su ja dogayen gungumena biyu. Ba don su ba. Don wanda ya sara ginshiƙan nan ne, ko wane ne shi. Ya yi aikinsa daidai, bai kamata a ce shi ya gaza ba.

Saimi ta hura wuta. Ta soya mini dankali da man da take ta ɓoyo.

Asabar, 6 ga Disamba

Kaito.

Na sassaƙe na farko, lafiya lau, yana ƙara kamar ƙararrawa. Na biyu, gizago ya shiga kamu uku daga gindi sai ya nutse. Zuciyar ta ruɓe, baƙi ƙirin. Shekara biyu ina kallonsa, ina taƙama da shi. Na zauna a kansa cikin ƙanƙara, ban san tsawon lokacin ba.

Azara ɗaya. Tsakiya ko yamma, dole a zaɓa. In na ɗaure tsakiya, kashi biyu cikin uku na coci ya tsira, da bagadi da mumbari. Yamma da bene sai dai a sauke.

Na faɗa wa Iisakki a tsaye, ban sassauta ba. Ya ce, "Benen kakana." Na ce i. Ya ce, "Ɗaure tsakiya."

Alhamis, 11 ga Disamba

Gayya. Maza talatin da ɗaya, har da kafintocin nan uku, yau suna jiran in ce. Mun huda bangon arewa, muka zura azara a kan gadon katako, dawaki suna ja daga kudu. Sannan sarƙa da turaku, muna janyo bango kaɗan-kaɗan. Ice yana kuka kamar mai naƙuda. Sau biyu sarƙa ta zame. Sau ɗaya na ce kowa ya fita, na zauna ni kaɗai ina saurare.

Wani daga cikinsu ya ce, "Kai, yau ɗan Karelia ya yi shiru, lallai duniya ta zo ƙarshe." Na ce, "Ku kuma yau kun yi magana, har jimla guda." Suka yi dariya. Ban yi niyyar ba su dariya ba.

Kafin rana ta faɗi kan azara ya zauna a gurbinsa. Daga yatsa tara ya dawo uku. Ba zai ƙara dawowa ba, ya tsufa a haka.

Inna Fiina ta kawo miyar wake. Ta ce, "Yanzu kuma ba a ganin fasto daga bene." 

Talata, 16 ga Disamba

Injiniya, yaro da tabarau. Ya san aikinsa, ba zan ce bai sani ba. Ya buga azara da guduma, ya tambayi wa ya yi. Hukunci: gabas da tsakiya su tsaya. Yamma a sauke kafin ta ja sauran.

Na roƙe shi abu ɗaya, kada a ja da dawaki. A sauke da hannu, gungume-gungume, in sa wa kowanne lamba. Ya ce wa zai mayar da su? Na ce ban sani ba.

Asabar, 17 ga Janairu, 1948

Mun gama saukewa jiya. Yatsuna biyu na hagu sanyi ya ci, likita ya ce ɗaya ba zai dawo ba. Iisakki da kansa ya cire benci na gaba, ya ɗora a kan keken doki, bai bari kowa ya taya shi ba.

Yau ya same ni a coci. Ya ce al'adarsu ce, duk gidan da ya ba da ice, alamarsa tana kan icen. Ya miƙo mini wuƙarsa. Na ce ni ba ni da gida a nan. Ya ce, "Tahvo, hau ka yanka, tsani yana sanyi." Karon farko ke nan da na ji sunana a bakinsa.

Na yanka ta gidan ubana, ƙugiya da layi biyu. A gefen sama na sa ta, inda ba mai gani.

Ya ce ya kayar da itace biyu a dajinsa, dogaye, sun zama nawa, sai dai ɗanyu ne. Shekara biyu kafin su bushe. Na ce zan jira. Sai da na dawo na ji abin da na faɗa: shekara biyu nan gaba, ina nan.

Na zo rubuta kwanakin rabona da gida, na tarar ban san inda na tsaya ba. Gobe na lissafa.

Abin da ya tsira: ginshiƙai huɗu cikin shida. Bagadi, mumbari, taga bakwai. Mala'iku huɗu, ɗaya ba fiffike. Gungumen bangon yamma ɗari da goma sha biyu cikin ɗari da hamsin, kowanne da lambarsa, a jere ƙarƙashin rumfa. Nawa na gida, talatin da takwas. Yatsu tara.