Adireshin Yaya Rabi'a

Waziriyya, Jidda
12 ga Yuni, 2011

Yaya Rabi'a,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Yaya Usuman da yara, da sauran 'yan'uwa a Amurka. Inno tana gaishe ki, ƙafarta ta yi sauƙi.

Sau bakwai ina kiranki ba ki ɗauka ba, shi ya sa na koma ga biro da takarda. Hajiya Fatu ta garinku ta gama umra, ita za ta kawo miki. Yaya Usuman ya ce wai ma'aikatan harajin jiharku sun zo shagon kitsonki a kan kwalayen da nake sa a kawo miki, kina aiko mini ta hannun masu umra. Wallahi dariya na fara yi. Harajin me kuma? Duk lokacin da na sayi gilashin waya ko batir a intanet, sifiri nake gani a wurin haraji, tunda kantunan ba a jiharku suke ba. Don haka ma nake zaɓarsu. Ki nuna musu rasit, shi ke nan. Ke dai tun muna yara kin faye tsoron hukuma.

Ƙaninki,
Muntaka

Waziriyya, Jidda
20 ga Agusta, 2011

Yaya Rabi'a,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa. Ina fatan jikinki da sauƙi, don na ji hawan jini ya kwantar da ke. Ya yara?

Ki yafe mini waccan wasiƙar. Yaya Usuman ya zaunar da ni a waya ya yi mini bayani dalla-dalla. Ashe sifirin nan ba yafiya ba ne. In kantin wata jiha bai karɓi harajin ba, wanda aka kai wa kayan shi zai kai wa hukuma da kansa. Ni da na tashi a Jidda, inda za ka biya abin da mai kanti ya faɗa ka yi gaba, ina na san wannan? Amma rashin sani ba shi ne duka laifina ba.

Bara kin tambaye ni me ya sa kwalayen suka yi yawa haka, na rantse miki duka na aikin gyaran wayata ne. Ƙarya na yi, Yaya. Badaru tela ya roƙe ni adireshinki don keken surfani, kuma kin san shi ya tsaya mini lokacin da kafilina, ubangidan da nake zaune da sunansa, ya riƙe iƙamata, wato katin zamana a ƙasar nan. Da wane baki zan ce a'a? Daga shi sai Luba da takalman lefen ɗanta, sai Abdulwahid, sai waɗanda ban ma san sunansu ba. Na rubuta adireshin a jikin bangon shagona, kowa ya zo ya kwafa. Ana kirana mai 'yar'uwa a Amurka, kaina yana kumbura. Shekara uku, duk da sunan shagonki.

Yanzu na ji an ƙi sabunta miki lasisi sai an biya, har da tara. Na bi su gida-gida, kowa ya ce shi ya biya kuɗin kayansa tuni. Badaru ne kaɗai ya ba da wani abu. Na sayar da kayan aikina na haɗa, Alhaji Yahya da ya zo umra daga wajenku zai kawo. Na san bai kai ko'ina ba. Na goge bangon.

Ƙaninki mai jin kunyarki,
Muntaka

Waziriyya, Jidda
15 ga Nuwamba, 2011

Yaya Rabi'a,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah. Allah ya sa kuna lafiya, ya ƙara miki sauƙi.

Hajiya Fatu ta zo aikin hajji, ta gaya mini kin rufe shagon, kun kuma koma ƙaramin gida. Shagon da kika tsaya shekara goma sha ɗaya a ƙafafunki kika gina, har yatsunki suka kumbura! Na fita waje na yi kuka kamar yaro.

Ta kawo wa Inno wasiƙarki. Inno ta miƙo mini in karanta mata kamar kullum. Da na gama na juya ambulan, na ga babu adireshin sabon gidanki. Na gane, kuma ban ga laifinki ba. Ban tambayi Hajiya Fatu ba, ba kuma zan tambaye ta ba. Wannan ma a hannunta zan bayar, in kin ga dama ki karɓa.

Inno ta tambaye ni ina za mu aika amsa. Ke ba ki gaya mata komai ba, kin rufa mini asiri har yanzu. Ni na gaya mata duka, har da rantsuwar. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta karɓi wasiƙar daga hannuna, ta ja ƙafarta zuwa gidan maƙwabciyarmu Mastura, ta ce ita ta sake karanta mata.

Allah ya mayar miki da alheri. Ki gaida yara, in sun san sunana.

Ƙaninki,
Muntaka