Hannun da Umma Take Ɓoyewa

Anti, don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin zargi ya haukata ni. Kada ki sa sunana, domin 'yan gidanmu kaf suna karanta filin nan, kuma su ɗin nake zargi.

Wata tara ke nan da na biyo mijina ƙasar nan. Shi direban bas ne, ni kuma na samu aiki a gidan kula da tsofaffi: in yi musu wanka, in ba su abinci a baki, in juya waɗanda ba sa iya juya kansu. Ɗakinmu yana hawa na biyar, ciki ɗaya da lungun girki, tagarsa tana kallon bangon wani ginin. Maƙwabciyata har yau ban san kalar muryarta ba. Sau uku ina gaishe ta tana kallona kamar na zo roƙo, na haƙura. Ni da na tashi a gidan da ko atishawa ka yi sai mutum biyar sun tambaye ka ko mura ce! Abin da yake riƙe da ni shi ne kiran bidiyon da nake yi wa Ummata kullum a hutun rana, minti ashirin.

To, sati biyar ke nan kiran ya canza. Da, Umma ce take riƙe wayar da kanta, ta kawo ta kusa har goshinta da fankar sama kawai nake gani. Yanzu Auta, ƙanwata, ita take riƙewa daga nesa, a saita Umma a kujera ɗaya kullum kamar mai karanta labarai, da matashi a bayanta, mayafi ya rufe hannun hagu ruf. Umma fa da hannu take magana. Kuma ta daina yi mini faɗa. Matar da ba ta gajiya da cewa na rame, ina 'yan kunnena, me na dafa wa mijina, yanzu albarka kawai take sa mini a hankali, sai Auta ta ce layi ba kyau ta kashe.

Ranar Talata na jiyo muryar Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ba ta taka gidanmu sai abu ya ci tura. Na tambaya, Auta ta ce rediyo ne. Anti, yaushe rediyo ya fara aiken Auta ta sauke tukunya?

Na kira Yayanmu na tambaye shi Umma. Bakinsa ya suɓuce ya ce da sauƙi, sai ya yi maza ya gyara, wai lafiya lau yake nufi. Sauƙin me? Na san kalmar nan, na tsane ta. Ita aka yi ta jefa mini ina makaranta lokacin ciwon Baba, har ranar da na dawo na tarar da takalma jibge a ƙofar gida. Ban gan shi ba, ban roƙi gafararsa ba, abin yana cina har gobe.

Mijina ma na sa shi a layin waɗanda nake zargi. Yanzu idan wayarsa ta yi ƙara sai ya fita matattakala ya amsa, ya dawo yana mini wata irin kyautatawa. Mutumin da bai san inda ake ajiye soso ba, shekaranjiya na tarar ya wanke kwanuka. Allah ya yafe mini, na duba wayarsa, na ga kiran Yaya har uku a sati guda. Da na yi magana ya ce kaɗaici ne yake sa ni saƙe-saƙe.

Ni kuwa aikina ke nan. Na san yadda hannun da ya shanye yake kwanciya a cinya, kullum ina wanke irinsa. Kuma na san yadda ake ɓoye hannu a bidiyo, don ni ma na yi. Wata huɗu da suka wuce na zame wajen ɗaga wata tsohuwa, wuyan hannuna ya tsage, sati shida yana ɗaure. Ban gaya wa kowa a gida ba. Benci nake zama a lambun wurin aiki, inda furanni suke, in tura hannun cikin riga in yi ta dariya. Ɗakinmu ma ban taɓa nuna musu ba, tunda ba abin nunawa ba ne.

Tsoro nake ji, Anti. Ina nan ina ba iyayen wasu abinci a baki, tawa uwar ban san wa yake ba ta ba. Zuciyata tana ce mini in yanki tikiti in dira ba sallama in gani da idona, amma ban cika shekara ba, babu hutu, in na tafi aikin ya tafi. Ko kuwa mijina ne da gaskiya, zaman ɗaki ne ya taɓa ni?

Taki,
Mai Zuba Ido

Ƙanwata Mai Zuba Ido,

Ba ki haukace ba. Gaskiya ne kaɗaici yana ƙara wa ido gani, har ya ga abin da babu, kuma wanke kwanuka ba shaida ba ce a kowace kotu. Amma kujera ɗaya, da mayafi, da rediyon da ya san Auta, sun isa a ce ruwa ba ya tsami banza. Wataƙila faɗuwa ta yi, wataƙila abin da kike tsoro ne. Ni ban sani ba, ke ma ba ki sani ba, don haka kada ki fara makokin mai rai.

Idan suna ɓoyewa, ba ƙiyayya ba ce. Suna ganin kina nesa, ba abin da za ki iya sai kuka. Sun yi kuskure, musamman bayan abin da ya faru lokacin mahaifinku, amma kafin ki yanke musu hukunci ki dubi bencin nan naki. Sati shida kika yi kina yi wa Umma abin da kike zargin ana yi miki. Uwa ce fa. Kina tsammanin ba ta lura da hannun da ya ɓace a cikin riga ba? Ke kin saita waya, su ma sun saita, kowa yana tausayin kowa, kowa yana cutuwa.

Ki rabu da wayar mijinki, ki kuma ƙyale Auta, aikenta aka yi. Ki zaunar da mijin naki ranar da ba ya aiki, ki gaya masa labarin takalman nan, ki ce ba za ki iya ɗaukar irinsa sau biyu ba. Idan amana aka ba shi, ita ma tana masa nauyi. Sannan ki kira Yayanku, kada ki tambaye shi jiki, don amsar wannan a bakinsa take. Ki tambaye shi abin da "da sauƙi" ba za ta amsa ba: yaushe Umma ta ga likita, me ya ce, tana ɗaga kofi da hannun? Ki tuna masa aikinki. Idan hannun ne, kin fi kowa a gidan sanin yadda ake juya mara lafiya da motsa masa gaɓoɓi, kuma ana koyar da wannan ta waya. Umma ce shirun nasu yake cutarwa.

Tikiti kuwa, a dakata sai kin ji gaskiya. Gobe ki tambayi shugabarki ko suna ba da izinin gaggawa, wurare da yawa suna bayarwa ko shekara ba ta cika ba. Idan ta kama a tafi, ki tafi da sallama. Ki kuma nemi mutum ɗaya a wurin aiki da za ki riƙa cin abinci tare da shi, minti ashirin na waya ba sa riƙe rai.

Kira na gaba, kada ki yi shi a lambu. Ki yi shi a ɗakinki, ki nuna wa Umma tagar da bangon, ki naɗe hannun riga ki gaya mata abin da ya same ki. Za ta yi miki faɗa, in sha Allahu, kuma na san kin yi kewarsa. Bayan ta gama, ki ce Umma, ga nawa, nuna mini naki.

Allah ya ba ta lafiya ta gaskiya, ya haɗa fuskokinku da alheri.

Antinki