Ranar da Na Kira Sunanki a Kasuwa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Mutanen gida a Rogo suna lafiya, ƙanwarki Goggo ma tana nan Zoza, sai dai ƙafa. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai, kuma yanzu babu ƙofar ɗakin da zan je in tsuguna, shi ya sa na rubuto.

Da yara suka samu hutun makaranta, na kwashe su muka tafi Kano sayayya. A motata, Inna, ba ta haya ba. Kin san daga turin baro na fara, takardar sakandare ma da ƙyar na karɓo ta, ba wanda ya ɗaga ni sai Allah. Yau ni ke cika tirela da gyaɗa. Na ce wa matata Hadiza duk abin da idonsu ya so su ɗauka.

Bara da ke aka je. Kika zauna can baya kina kallon taga. Ni ne ɗan farinki, ba ki taɓa kama sunana ba, ko magana sai ta bakin wani. Mun wuce Karaye kika ce da yara, "Ku ce wa wancan ya rage gudu." Da na saya miki leshi mafi tsada a shagon, abin da na samu shi ne, "A ce masa an gode."

Ni ma ban taɓa furta sunanki ba. Ko da na sa wa 'yar autata shi, Ummi muke ce mata.

Bana mun shiga Kantin Kwari rana ta take, zafi kamar a bakin murhu, 'yan dako suna ta "Hanya! Hanya!" Hadiza tana taya atamfa, ni ina waya da direbana. Na juyo, babu Ummi.

Na bi layi ina ƙwala kira. 'Yan mata suka yi ta waiwayowa, ba tawa a ciki. Wata mai fura ta ce, "Alhaji, wace Ummin? Ai rabin kasuwar nan Ummi ne." Aka kai ni wajen wani mai tallan magani da lasifika. Ya ce, "Sunanta na yanka za ka ba ni, wanda ake kiranta da shi a makaranta."

Na yi tsaye, babbar rigata ta jiƙe sharkaf. Hadiza surukarki ce, ita ma bakinta ba zai iya ba. Kuka kawai take, tana cewa, "Don Allah ka faɗa, Alhaji."

Ban yarda baƙo ya yi shelar sunanki da bakin da yake tallan maganin basir ba. Na karɓi lasifikar da hannuna, na kira ki, Inna, a tsakiyar Kano, kowa yana ji. Ba zan rubuta shi a nan ba, na ranar ya isa.

Can daga wani shagon takalma na ji, "Na'am, Baba!" Ga ta nan, wata baiwar Allah ta riƙo hannunta, fuska duk hawaye.

Daga nan Hadiza da yara suka shiga babban kanti mai sanyi shan askirim. Ni mota na koma na zauna. Sai na tuno ranar da na ɓace a kasuwar Karaye ina ƙarami. Goggo ce ta yi ta kiran sunana har muryarta ta dishe. Da aka kawo ni, kika juya baya kina gyara ɗaurin kallabi, ya ƙi ɗauruwa. Sai yanzu na san abin da kika haɗiye a ranar.

Duk tirelolin nan, Inna, na ɗauka wata rana za su sa ki manta ki kira sunana ko sau ɗaya. Ga shi ni na kira naki, an kuwa amsa mini, amma ba da muryarki ba.

Allah ya jiƙanki, ya yalwata kabarinki, ya sanyaya miki shi. Ya haɗa mu a Aljanna, inda nake sa ran jin yadda sunana yake a bakinki.

Naki har kullum,
Wancan.