Saƙon Maganin Inna

Assalamu alaikum Yaya Sadiya. Ya aiki, ya yara? Muna lafiya a Barkin Sale.

Yaya, na yi ɓarna. Manhajar da kika haɗa don tuna wa Inna magani, na sauya sashenta mai tura saƙo da wani, ina zaton duk ɗaya ne. Na gwada shi shi kaɗai, ya yi. Ban gwada shi haɗe da sauran ba. Ashe idan netwok ya ɗauke, ba ya sake turawa. Kwana uku Inna ba ta sha maganin ba, jininta ya hau.

Ta samu sauƙi, na mayar da sashen naki. Amma cewa take kin manta da ita tunda saƙo ya daina zuwa, ni kuwa na ɓoye mata laifina. Yau zan faɗa mata gaskiya.

Ki yafe min, ki sa mu a addu'a. A gaida maigidan.

Ƙaninki, Nura