Kuncin Nawa Ne

Penang, ranar Lahadi

Mak, mahaifiyata,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki, yaya shinkafar bana? 'Yata Ningsih tana cin abinci kuwa, ko sai an bi ta da kwano?

Kada shiruna ya tayar miki da hankali, lafiyata ƙalau. Ƙuraje ne kawai suka feso min a kunci, gefen da nake kara waya. Wartini, 'yar garinmu, ta ce sanyi ne ya shige ni, ta kankare min baya da kwabo da man zafi, yadda kike mana. Washegari duk inda kwabon ya bi ya tashi ya ɗuri ruwa. Likita ya ce jikina ne ba ya shiri da wani ƙarfe, nikel, yana jikin kwabon, yana jikin wayar.

Uwar ɗakina, wadda nake yi wa jinyar tsohuwarta, na jin haka ta kulle wayar, wai don lafiyata. Lafiyata! Matar da ba ta taɓa tambayar ko na ci abinci ba. Na ce mata, "Madam, kuncin nawa ne, 'yar ma tawa ce. Ki ba ni wayata kafin Juma'a, ko ki nemi mai wanke miki tsohuwarki."

Ki aiko min da ƙyallen tsohon zaninki in ɗinka wa wayar riga. Ranar Juma'a Ningsih ta zauna kusa da wayarku, ko ta yaya zan kira. Ko fatar za ta saɓule, sai na ji muryarta.

Allah ya bar min ku.

'Yarki,
Sutarmi