Kurciyar Inna Ta Ƙyanƙyashe

Wangsa Maju, Kuala Lumpur
Janairu, 2021

Zuwa ga Yayana Abdulgani,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce mai yawa daga ƙanwarka, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Hureira da yara. Ya sanyin Kanada? Allah Ya tsare mu da wannan annoba, Ya ba marasa lafiya sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai dai an sake sa dokar kulle. Maigidana Sha'aibu yana karatunsa daga gida, ’yarmu Ulfa kuma ta fara tsayuwa tana dafa kujera.

Yaya, albishirinka! Amma bari in faro daga farko, don akwai abin da ban gaya maka a waya ba, gudun kada hankalinka ya tashi. Ka san Inna jegon Ulfa ta zo, aka rufe hanya, daga baya kuma muka ji tsoron sa ta a jirgi saboda ciwon sugarta. To, tun bayan Babbar Sallah ta canza. Ta daina hira, abinci sai ta tsakura ta ture, kullum tana ɗaki tana jan carbi tana cewa a ƙasar mutane za a binne ta. Ta rame har zobenta yana zamewa. Ni kam kuka nake yi a banɗaki in wanke fuska in fito.

Sai ka turo bidiyon nan na bayan gidanka, tsuntsaye suna cin hatsi a cikin dusar ƙanƙara. Wallahi ban san sau nawa ta sa na maimaita mata ba. Ta ce ita tana ƙorafin zama cikin ɗaki, ga bayin Allah can ƙafa ba takalmi a kan ƙanƙara. Daga nan ta shiga ba ni labarin tantabarun da ta kiwata a Gwarzo kafin a haife mu, kuma ta ce a nemo mata gero. Sha'aibu ya sa takunkumi ya bi kedai-kedai, wato shagunan nan, har ya samo a shagon wani Ba'indiye. Ta zuba a murfin tukunya ta ajiye a baranda. Da farko ko ɗaya bai zo ba, ta ce tsuntsayen birni girman kai gare su. Sai ga wasu baƙaƙe masu rawayan baki, nan ana ce musu tiong, masu surutu kamar ’yan kasuwa. Bayansu kurciyoyi biyu suka fara zuwa. Yanzu ana idar da sallar asuba take fita da kokonta, ta ce ba za ta ciyar da baƙi tana zaune da yunwa ba. Jiya har ƙarin tuwo ta nema!

Kurciyoyin nan sun yi sheƙa a tukunyar furen da ta bushe mana, kuma yau da safe ƙwan ya fashe. Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabciyarmu ’yar Malay ta leƙo a firgice, tana tambaya ko wuta ce. ’Ya’ya biyu ne, munana, ba gashi, amma ta hana ni shanya a barandar gaba ɗaya.

Ga abin da ya sa na zauna rubuta maka. Likita ya ce sugarta ta daidaita, za ta iya tafiya, Sha'aibu kuma ya samo mata kujera a jirgin mako mai zuwa. Da ya gaya mata da rana, mun zaci za ta tashi haɗa kaya. Sai ta dube shi ta ce a ɗaga tafiyar, ita ba inda za ta sai yaran nan sun yi fiffike sun tashi, don ba ta yarda da hankakin unguwar nan ba. Yaya, matar da take kukan gida kullum! Na yi dariya har da hawaye, Sha'aibu ya koma ya canza ranar.

Ka gaishe min da Anti Hureira, da Fa'iz, da Hasna sarkin rigima. Inna tana sa muku albarka, Sha'aibu ma yana gaisuwa. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka mai kewarka,
A'ishatu