Askar Dalhatu

Issawane, 4 ga Disamba 2023

Ɗiyata Ramlatu,

Bayan gaisuwa, ya karatun likita a Yamai? Innarki na gaishe ki.

Yau shekara ashirin da biyu cif da Dalhatu wanzami ya yi wa yayanki Sabiru kaciya, jini ya yi kwana uku yana zuba, muka binne shi. Jiya an aiko daga Hawandawaki wai Dalhatu na kwance, yana son ganina. Ya ga wa? Benci ɗaya muka zauna a lakkwal muna karatun boko, ni na zama malamin makaranta, shi ya gaji askar ubansa. Don abota na miƙa masa ɗana. A tsakiyar kasuwa na kira shi mahauci, kuma ban janye ba.

Bashiru, ɗan yayarki Hindu, za a yi masa tasa ƙarshen wata, amma a asibitin Mayahi. Na gama da wanzamai.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki, Abdurrahamane

Yamai, 10 ga Disamba

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Don Allah kada a taɓa Bashiru, ko a asibiti, sai an auna jininsa. Na kira Hindu na gaya mata.

Akwai cutar da muka karanta, hemofili: jini ba ya daskarewa. Gadonta ake yi, ta wajen uwa take bi, maza take kamawa. Ka tuna yadda gwiwar Bashiru ke kumbura in ya faɗi? Baba, ka tambayi Inna labarin ƙannenta maza. A hankali, ba da faɗa ba. Ba laifinta ba ne.

Kuma ka je Hawandawaki.

Ɗiyarka, Ramlatu

Issawane, 27 ga Disamba

Ramlatu,

Na tambaye ta. Biyu ne suka rasu da zubar jini: ɗaya wajen cire belu, ɗaya wajen kaciya. A gidansu aka ce maita ce, aka hana zancen. Ta yi kuka.

Awon Bashiru ya fito yadda kika ce. An ɗage kaciyar.

Sai da na ga takardar awon da idona na hau motar Hawandawaki, ni mai ilimi. Na tarar an binne Dalhatu ran Talata. Matarsa ta kawo mini ruwa, ta nuna mini zabirarsa a rataye, askar ta yi tsatsa. Tun ranar Sabiru bai sake buɗe ta ba.

Ta ce kwana goma sha shida yana tambaya ko na iso.

Babanki